Aswakin Mai Jan Baƙi

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar Babana, a Unguwar Rogo. Can na yi wayo, can na yi makaranta. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba. In na je gaishe shi a Ƙofar Dundaye, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ya amsa yana duban wani wuri. In akwai saƙo, sai ya ce da duk wanda ke kusa, "Ku ce ma waccan ta gaida mutanen gida." Waccan ɗin kuwa ga ta nan durƙushe, in ya miƙe ƙafa sai ya taɓa ta. Ƙannena su hau jikinsa, su ja masa gemu, ni ko oho. Ban taɓa ɗaukar abin da ƙiyayya ba, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Amma in na ce muku abin bai taɓa ci mini rai ba, na yi ƙarya.

Abin da na mallaka na Baba shi ne muryarsa. Shi ne mai jan baƙi a tafsirin masallacin unguwarsu, wato shi ke karanto ayoyi, Malam ya fassara. Tun kafin a haife ni suke tare, Malam a kan kujera, Baba a gefensa na dama. Duk azumi, da la'asar, nakan baro Unguwar Rogo in zo in zauna cikin mata a tsakar gidanmu, don lasifikar masallacin kamar a kan katangarmu aka ɗaura ta. Kai, Baba na da murya! In ya ja aya, masu jajjage sukan tsaya da taɓarya a sama. Ina ƙarama nakan raya a zuciyata cewa ni yake karanta wa, domin nan ne kaɗai nake jin maganarsa ba ɗan aike a tsakani.

A shekarar da na gama jami'a nake koyon aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, Baba ya kwanta da tari cikin watan Rajab. Aka kai shi wurin likita, aka rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sha, ƙirji ya washe. Da an tsaya nan da shi ke nan. To, sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Mutumin da ya yi shekaru yana karantar da unguwa ai ba a zuwa masa hannu rabbana. Wannan ya kawo lemo, wancan ya kawo zuma, ɗalibansa suka cika ɗaki da alewa mai yaji wai don murya ta buɗe. Masu ji da kansu kuwa sai su biya kemis su sayo kafso, ja-da-baƙi, ja-da-rawaya, a ƙulle a leda, su ajiye a gaban tabarma su ce Allah ya ƙara sauƙi.

Shugabar masu kafso ita ce Gwaggo. Ita ba ta ajiyewa ta tafi. Sai ta ɓare da hannunta, ta ɗebo ruwa, ta tsaya a kansa.

"Haɗiye in gani," haka take ce masa.

Baba da ake tashi tsaye in ya shigo masallaci, a gaban Gwaggo yaro ne. Ita ta goye shi, kuma ba ta bari ya manta. Ya haɗiye na safe, ya haɗiye na yamma, in wani dattijo ya kawo nasa shi ma a haɗiye don kada ya ji an raina kyautarsa. Na yi magana sau ɗaya a gida, Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce tun ban san hanyar makaranta ba take jinyar ƙanenta. Daga ranar na bar mata.

Da Sha'aban ya kama sai baki ya ɗauka. Baba ya daina cin tuwo, ya daina shan kunu in da ɗumi, ruwan sanyi ma da ƙyar. In ya gwada karatu a ɗaki, ba ya kai ƙarshen aya sai ya tsaya. Gwaggo ta yanke hukunci: "Zahi na yat taso mishi, maganin bai isa ba." Ta koma kemis ta ce a ba ta wanda ya fi ƙarfi.

Ana cikin haka Malam ya zo dubiya da kansa. Ina tsakar gida ina jin su ta taga. Bayan doguwar addu'a ya sassauta murya ya ce, "Alaramma, in jiki bai ba da dama ba, ko a bar ɗalibin nan naka shi riƙe muna bana, ka huta?" Baba ya ce a ba shi zuwa ganin wata. Malam ya ce to. Babu wanda ya faɗa, amma kowa a gidan ya san kujerar jan baƙi ba a aron ta. In saurayi mai sabon maƙogwaro ya zauna a kai azumi guda, an gama. Ranar Baba ko fitowa zaure bai yi ba.

Innata ce ta tsegunta mini, tana tankaɗe ba ta dube ni ba, don ita ma kunyar tawa take ji. Ta ce da ya buɗe baki zai sha magani ta hango harshen fari fat, kamar an shafa kindirmo. Farin harshe, bayan kafso mako da makonni, ga zuma ga alewa dare da rana! Ai wannan shi ne abin da muke ta dubawa a wurin aiki. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Na san abin da nake zato, amma ta yaya? 'Yar fari ta je ta ce da ubanta buɗe bakinka in leƙa? Ko a mafarki.

Allah ya taimake ni da azahar. Baba ya fito alwala, ya goga aswakinsa a hankali yana runtse ido don zafi, ya ɗora shi a kan katangar da yake ajiyewa kullum, ya shige ɗaki. Na duba hagu, na duba dama. Na zaro sabuwar leda daga jakata, na kife ta a kan aswakin, na cusa cikin hijabi. Ko sallama ban yi wa Inna ba. Na tare kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, a bakin titi, rana na dukan ƙeya, ni kuwa sai dariya nake yi ni kaɗai kamar wadda ta tsinci zinariya. Ɗan kabu-kabun har waiwayowa ya yi ya ce, "Hajiya, lahiya dai?"

Shugabar ɗakinmu na gwaje-gwaje wata mata ce 'yar Filato, Madam muke ce mata. Ta daɗe a Sakkwato har ta iya cin tuwon gero da miyar sure, amma Hausarta ta Jos tana nan daram. Na ajiye ledar a gabanta ina haki. Ta buɗe, ta dubi aswakin, ta dube ni.

"Wannan fa? Itace kika kawo mini in gwada?"

Na zayyana mata komai a tsaye, ban ko numfasa ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tunda take aiki ba a taɓa kawo mata majiyyaci a leda ba. Ta ce wannan ba samfur ba ne da za a rubuta sakamako a kansa, ya sha iska, ya sha katanga. "Amma tunda kin yi satar, zo mu ga abin da kika sato."

Na shafa bakin aswakin a kan ɗan gilashi, na busar, na zuba rini, na wanke. Na ɗora a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa na juya, na juya. Da farko hazo kawai. Sai ga shi ya fito tar.

Wayyo Allah! Na sha ganin abin nan a littafi, na gan shi a samfurin mutanen da ban sani ba, amma ranar daban ce. Ga ƙwayoyin yis nan manya-manya, shuɗi mai duhu, masu siffar ƙwai, wasu da 'yan 'ya'yansu manne a gefe. Wasu kuwa sun daina zama ƙwai, sun miƙe sun zama zare dogo-dogo, sun sarƙe da juna. A jikin zaren kuma ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo ƙanana, bakteriya, sun jeru sun liƙe kamar tsakiya a igiya. Na buga ihu har mai shara ya leƙo. Na ce, "Madam, zo ki gani! Ga su nan! Har sun yi zare!"

Ta leƙa ta daɗe, sannan ta ja kujera ta zauna. Madam ba ta ba ka amsa, tambaya take yi har ka faɗa da bakinka. Ta ce yis ɗin nan daga ina ya zo wa Baba? Na ce ba daga ko'ina ba, yana cikin bakin mutane da yawa suna yawonsu lafiya lau, ɗan'uwan wanda ake sa wa fulawa ne, sai dai shi wannan a jiki yake zama. Ta ce to me ya hana shi yin ɓarna tun da can? Na ce maƙwabta. Baki cike yake da bakteriya iri-iri marasa cutarwa, sun tare wuri, suna cinye abincin, wasu ma suna fitar da abin da ke hana yis miƙewa ya zama zare. Ta ce kafso fa? Na ce kafso bakteriya yake kashewa, bai san na kirki ba bai san mugu ba, yis kuwa ko a jikinsa. An share masa fili, an kuma bi shi da zuma.

"To waɗannan da suka manne a zaren fa?" in ji ta. "Ba kin ce maƙwabta ke hana shi ba?"

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, har na manta da wa nake magana na fara yarfa hannu. Na ce ai ba duka ne abokan gabarsa ba. Akwai waɗanda suka tsira daga maganin, su kuma haɗa kai suke yi da shi. Su hau zarensa su zauna, in sun sami sukari su yi wani abu mai danƙo ya lulluɓe su gaba ɗaya, su da yis ɗin, magani ya zo ya rasa ta inda zai shiga. Madam ta gyaɗa kai. Ta ce irin wannan haɗin ya fi son wuri mai tauri wanda miyau ba ya wanke shi. Sai ta jefo tambayar da ta kusa kayar da ni daga kan kujera.

"Babanki yana sa haƙoran roba?"

Na ce, "Wa? Babana? Madam, duk Ƙofar Dundaye babu mai haƙoran Babana! Farare, jere reras, ko ɗaya bai karkace ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Dattijo mai furfura, haƙora jere reras, ko ɗaya bai karkace ba. Je ki tambayo. Kuma ki kawo mini mutum, ba itace ba."

Kafin in fita na kafa wayata a bakin madubin na ɗauki hoto. Sai da na yi ta fama kafin ya fito sosai.

A gida na iske Gwaggo tana dama fura, ga sabuwar ledar kemis a gefenta za ta kai da yamma. Na zauna kusa, na yi mata sannu, na rasa ta inda zan fara. Ni kuwa ban iya kwana-kwana ba, sai kawai na ce, "Gwaggo, haƙoran Baba nashi na?"

Ludayin ya tsaya cak. "Ke ɗiyag ga! Wa yac ce miki?"

Ai shi ke nan, ta ba ni amsa. Na matsa, ta zage ni, na ƙara matsawa, ta leƙa ƙofa ta dawo ta rage murya. Ashe tun ina goye Baba ya faɗi da babur a hanyar Wamakko, haƙoran gaba na sama suka zube. Mai jan baƙi ba haƙoran gaba, ai akwai haruffan da ba za su fita ba. Ita ta raka shi aka yi masa na roba a ɓoye, aka sake masa wasu daga baya, kuma in ban da ita babu wanda ya taɓa ganinsa babu su. Da su yake kwana, da su yake tashi. Aswaki kuwa kowace alwala, ta waje, su yi ta ƙyalli. Ƙarƙashinsu, inda robar ta kwanta a kan ganɗa, sai dai kurkura.

Na ciro waya na nuna mata hoton. Ta kai shi nesa, ta kawo kusa. "Wanga zare hwa? Cikin bakin ƙanena?" Na ce ƙwarai. Na yi mata bayanin maƙwabta, na yi mata na zuma. Da na zo kan kafso sai na rage gudu, amma Gwaggo ba ta da wuyar gane magana. Ta dubi ledar kemis ɗin nan ta daɗe.

"Kina nuhin ni ka ba shi ciwon da hannuna?"

Na ce ba ita kaɗai ba, duk unguwa ce, kuma kowa don ƙauna ya yi. Ta ajiye ludayin. Na zaci kuka za ta yi ko ta kore ni, sai ta miƙe ta figi mayafi. "Tashi mu tahi. Amma ke za ki yi bayani, ni ban iya sunayen aljanun nan naki ba."

Haka aka yi zaman da har yau in na tuna sai na yi dariya. Baba a kan buzu a ƙuryar ɗaki, Gwaggo a tsakiya, ni a durƙushe a bakin ƙofa. In faɗi magana, Baba na ji sarai, amma sai Gwaggo ta maimaita masa, kuma ba yadda na faɗa ba. Na ce akwai ƙananan halittu masu amfani a baki waɗanda maganin ya rage. Gwaggo ta ce, "Ta ce bakinka gari na, ni kau na kashe mutanen kirkin garin na bar ɓarayi." Na ce zuma da alewa suna ƙara musu ƙarfi. Gwaggo ta ce, "Ta ce ɗalibanka su ka ciyar da ɓarayin." Baba ya ɗaure fuska. Da aka zo kan haƙora na kasa, na sunkuyar da kai. Gwaggo ta faɗa ba ko ɗar.

Can Baba ya ce, da muryar nan da ta dushe, "Ce mata haƙorana ba su hita."

Gwaggo ta ce, "To ce ma Malam shi ba yaro kujera." Ta miƙa masa wayata. "Diba abin da kake kiwo."

Kafin ya karɓa fuskar wayar ta mutu. Gwaggo ta danna nan, ta danna can, ta jijjiga ta, ta buga a tafin hannu. Daga ƙarshe ta ce, "Ke, taho ki tada abinki." Na rarrafa na shiga. Tunda nake ban taɓa matsawa kusa da Baba haka ba, har ina jin ƙanshin turaren rigarsa. Na buɗe hoton, na ja shi da yatsu ya girma, na riƙe a gabansa. Ya gyara tabarau ya duƙo.

Ya daɗe yana kallo. Fushin da ke fuskarsa na ga yana saki a hankali. Ya nuna zaren da ɗan yatsa, ya nuna 'yan ɗigon. Ya ce, wai da Gwaggo yake, "Tambaye ta, waɗanga duk masu rai na?" Na ce masu rai ne, suna ci suna hayayyafa. "Kuma suna cikin bakin kowa? Har Malam?" Na ce har Malam, har liman, har ni. Na ce in suna zaune daidai, wannan na tare wancan, mutum ba ya ko sanin suna nan, sai an taɓa wani ɓangare ɗaya ɓangaren ke samun sarari. Na manta da kunya, na shiga zuba kamar a aji, ina nuna masa inda ƙwan ya fara miƙewa. Gwaggo ta daina fassara, babu wanda ya lura.

"Subhanallahi," in ji Baba. Ya jingina da bango. "Ashe duk shekarun ga ban taɓa karatu ni ɗai ba." Ya yi ɗan murmushi, zafi ya katse shi. Sannan ya ce da Gwaggo a shirya gobe a tafi asibiti.

Likitan haƙori ya duba shi su biyu a ɗaki, aka ɗauki samfur na gaskiya aka kawo wa Madam, ya nuna abin da aswaki ya riga ya nuna. Aka gwada sukarin jininsa aka ga lafiya. Likita ya ce ganɗar ta yi ja wur a ƙarƙashin robar. Ya ba da maganin yis na ɗigawa a baki, ya ce kafso ko guda kada a ƙara sai in likita ya rubuta, zuma da alewa a ɗaga musu ƙafa. Haƙora kuma a riƙa cire su in za a kwanta, a goge ciki da waje da burushi, a jiƙa a ruwan magani, domin in an kashe na baki an bar na jikin roba, kamar an wanke yaro ne an mayar masa da rigar da ya yi birgima da ita. A kwanakin farko ma ya ce gara su fi daɗewa a waje.

Gwaggo ta tattara duk ledojin kemis na ɗakin, ta kafa kujera a zaure ta zama mai gadi. Duk wanda ya zo dubiya da kafso sai ta ce ya koma da abinsa, ta kuma ɗora masa wa'azin mutanen kirki da ɓarayi, kai ka ce ita ta gano abin. Baba ya kulle kansa a ɗaki, ba ya ganin kowa. Saura wankin haƙora, don idonsa ba ya ganin lungunan robar sosai. Gwaggo ta kawo sunan wannan ya ƙi, ta kawo na wancan ya ƙi. Ya ce, "A ba waccan. Ta riga ta ga abin da ya hi haka."

Na sayo ɗan kwanon sha mai murfi. Kullum in na taso aiki sai in biya, in yi sallama a bakin ƙofa, in ga kwanon ya turo ta ƙarƙashin labule a ƙasa. In kai bayan ɗaki inda ba kowa, in goge lungu-lungu, in mayar ta ƙarƙashin labulen. Ranar farko da na ga abin da ya kwanta a cikin robar nan, sai da na ɗebi kaɗan na kai wa Madam, muka yi ta kallo muna jinjina kai. Ban gaya wa Baba wannan ba.

Sauƙi ya zo, amma a hankali, wata kuwa ba ya jiran kowa. Farin ya fara ja da baya. Ya sha kunu, ya ci ɗan tuwo. Na fara jin karatu ƙasa-ƙasa ta bayan labule, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Wata rana in koma gida da murna, wata rana in koma cikin damuwa. Ɗalibin nan kuwa, yaron kirki ne ba ruwansa, amma duk unguwa ta san yana ta bita. Ranar da aka ga wata Malam ya aiko a tambayi jiki. Baba ya ce a ce masa sai sun haɗu a masallaci. Ko Gwaggo ba ta san me hakan ke nufi ba, zai je ya ja ne ko zai je ya miƙa kujera da hannunsa.

Ranar ɗaya ga azumi, da la'asar, tsakar gidanmu ta cika da mata. Zafi kamar a tanda. Na ɗauki albasa zan yanka na ajiye, na ɗauki tsintsiya na ajiye. Lasifika ta yi ƙara, aka hura ta, aka ƙwanƙwasa. Malam ya yi addu'ar buɗewa, ya yi ta yi, ni dai ban san ya iya doguwar addu'a haka ba sai ranar. Ya gama. Aka yi shiru. Na ji an ja abin magana daga wannan gefe zuwa wancan, na ji wani ya yi gyaran murya. Na damƙe hannun Gwaggo.

Sai muryar ta fito.

Tasa ce! Ta ɗan rame, ba ta kai ta bara ƙarfi ba, amma tasa ce, kowane harafi a mazauninsa. Ya ja ayar farko har ƙarshe bai tsaya ba, ya shiga ta biyu. Ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba. Gwaggo ta kai mini duka a baya ta ce, "Ke, tafsiri aka yi ba biki ba!" Ita kuwa hawaye har haɓa. Inna ta juya baya tana ta gyara murhun da ba abin da ya same shi.

Bayan an sha ruwa, kafin a kira isha'i, na je bakin ƙofarsa karɓar kwano, don ya ci abinci kuma zai fita asham. Na yi sallama na durƙusa, idona a ƙasa inda kwanon ke fitowa. Bai fito ba. Sai na ga labulen ya ɗaga. Baba ne tsaye, kwanon a hannunsa, bai ajiye ba. Na ɗaga kai. Babu haƙoran a bakinsa, leɓen sama ya shige ciki, ya zama wani ɗan tsoho da ban taɓa gani ba, kuma bai kare fuskarsa ba, bai dubi wani wuri ba. Ni yake kallo. Babu kowa kusa da za a ce ya ce mini.

"Ke," ya ce. "Kin ji karatun?"

Na ce, "Na ji, Baba."

"Ya hita?"

Ni mai surutun nan, kai kawai na gyaɗa. Ya miƙo kwanon, ya riƙe shi har sai da na sa hannu biyu na karɓa.